Ɗigon jini a kan gilashi: yadda na koyi duba jinina da madubin likita a gida

Madubin da muke gyaran waya da shi a kasuwar Farm Centre ta Kano ba ya nuna jini. Yana ƙara girman abu daga ninki 7 zuwa 45, haskensa kuma daga sama yake sauka a kan allon waya ya dawo ido. Wannan ya isa mutum ya ga ƙafar da ta saki dalma ko hanyar wuta da ta tsinke. Amma jar ƙwayar jini faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne kacal, sai an jera wajen 130 kafin su cika milimita ɗaya, kuma haske ratsa ta yake yi. In ka ɗiga jini a ƙarƙashin madubinmu, ja kawai za ka gani. Jini sai madubin likita, wanda fitilarsa take ƙasa, haske ya ratsa gilashi, ya ratsa jinin, sannan ya iso ido.

Ɗan ƙanwata ne ya sa na nemi irin wannan madubi. Da sikila aka haife shi. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo ya san maganganun da ake ji a asibiti: jini ya yi ƙasa, sai an ƙara leda, ƙwayoyin sun lanƙwashe sun toshe hanya. Shekara da shekaru ina jin haka, ina ganin yaro yana murƙususu, ban taɓa ganin abin da ake magana a kansa ba. Ni kuwa sana'ata ta saba mini, hankalina ba ya kwanciya sai na ga inda matsala take da idona.

Akwai wani dattijo a layinmu, masallacinmu ɗaya, ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti har ya yi ritaya. Na tare shi bayan sallar isha'i na ce, "Baba, in mutum ya sayi madubi irin naku, zai iya ganin jininsa a gida?"

Ya ce, "Zai gani mana, gani ba wuya. Amma mu yi sharaɗi tun yanzu, ɗana. Jininka kawai za ka taɓa. Kuma ba za ka ce wa kowa yana da cuta ko ba shi da ita ba, har kai kanka."

Na amsa. Shi ya raka ni shagon masu sayar da kayan asibiti da na makarantu. Akwai wasu 'yan madubai na roba a kwalaye masu ƙyalli, an rubuta ninki 1,200, wani ma 2,000. Ko kallonsu bai yi ba. Dalilinsa shi ne, madubin da ke aiki da hasken da ido ke gani yana da iyaka: ba ya raba abu biyu da tazararsu ta gaza kimanin maikiromita 0.2. Wani Bajamushe, Ernst Abbe, ya fitar da lissafin wannan iyaka tun 1873. Daga ninki 1,000 zuwa sama girma kawai ake ƙarawa, ba a ƙara bayani, kamar yadda in ka yi ta jan hoto a waya yake ƙara faɗi yana ƙara dishi-dishi. Abin da Baba ya duba shi ne idanun ƙasa guda huɗu masu lamba 4 da 10 da 40 da 100, da idon sama mai lamba 10, da abin tattara haske da ke ƙarƙashin faranti, da maɓallan da ke tura gilashi hagu da dama, da ƙaramin maɓallin saiti. Ya kwance kowane ido ya ɗaga shi ga haske yana neman zaren fumfuna, domin madubi na hannu da ya sha damina a ɗaki mai laima yakan kamu, kuma in ta ci gilashin ba ta gyaruwa. Muka ɗauki wani tsoho mai jikin ƙarfe. Da na kai shi shago na cire ƙwan fitilarsa na sa masa farar fitila mai aiki da batir, saboda halin wutarmu.

Sauran kayan ba su da yawa: kwalin gilasai, da siraran murafun gilashi, da allurar huda yatsa irin ta masu ciwon suga, da sifirit, da auduga, da safar hannu, da metanol, da rinin Giemsa, da ƙwayoyin gyara ruwa, da man madubi, da takardar goge ido. Metanol guba ne, kurɓa kaɗan tana makantar da mutum ko ta kashe shi, ga shi fari tas kamar ruwa. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo na samar masa shi da allurorin, saboda gidanmu akwai yara.

Ranar farko ba mu yi rini ba. Na wanke hannu da sabulu, na goge yatsan da ke kusa da ƙarami da sifirit, na jira ya bushe. A gefen kan yatsa ake hudawa, ba tsakiya ba, can ya fi jini kuma bai kai tsakiya zafi ba. Ɗigon farko a goge shi da busasshiyar auduga. Kada a matse yatsa da ƙarfi, domin ruwan jiki yana biyowa ya tsinka jinin. Na ɗora ɗigo na biyu a gilashi, na rufe da siririn murfi, na fara da ido mai lamba 10, na koma mai 40, wato ninki 400.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne launi. Ƙwayar jini guda ɗaya ba ja ba ce, ruwan ɗorawa ce mai haske, sai sun taru da yawa jan yake fitowa. Ga su nan birjik, suna tafiya a hankali inda ruwan yake ja, wata ta juya ta nuna gefenta, sai ka ga ashe faifai ce da ta lotsa a tsakiya ta fuska biyu. Na tura gilashi dama, hoton ya tafi hagu, don wannan madubin juya abu yake yi, saɓanin wanda hannuna ya saba da shi. Na daɗe a sunkuye ban ce komai ba. Baba yana gefe yana jan carbi, can ya ce mutumin da ya yi bayanin waɗannan ƙwayoyi a jinin ɗan Adam a 1674 ba likita ba ne, ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, kuma da hannunsa yake ƙera 'yan madubansa. Maganar ta ƙarfafa mini gwiwa ƙwarai.

Ɗanyen jini kallo ne na 'yan mintuna, yana bushewa shi ke nan. Ainihin aikin shi ne shimfiɗa, kuma a nan na gane cewa rabin sana'ar nan a hannu take, ba a madubi ba. Gilashi ya zama tsaf, ba maiƙo ko kaɗan. Ko sabo ne daga kwali sai an wanke an goge da sifirit, a kuma riƙe shi ta gefe. Ana ɗora ɗigo ƙarami, bai wuce kan allura mai kai ba, kusa da ƙarshe ɗaya. Sai a ɗauko gilashi na biyu mai santsin baki, a kafa bakinsa a gaban ɗigon a karkace, kusurwa 30 zuwa 45, a ja shi baya har ya taɓa jinin. A ɗan dakata jinin ya bi bakin gilashin ya bazu. Sannan a tura gaba, tura ɗaya, ba tsayawa, ba dannawa. Jinin bin gilashin yake yi a baya, ba tunkuɗa shi ake yi ba, shi ya sa ƙwayoyin ba sa farfashewa.

Shimfiɗa mai kyau tana fita da siffar harshe, kauri a gindi, tana sirancewa har ta ƙare kafin ƙarshen gilashi, bakinta yana ɗan walƙiya in an karkata shi ga haske. In ɗigo ya yi yawa, jinin zai kai ƙarshe bai sirance ba. In hannu ya yi rawa, layi-layi za su fito. In akwai maiƙo, ramuka. In an ɗaga gilashin da yawa, shimfiɗar ta yi gajarta ta yi kauri; in an kwantar da shi da yawa, ta yi tsawo. Baba ba ya yawan magana a wannan wuri. Yakan ɗaga gilashi ga taga ya ce, "Sake." Wata rana ya ɗaga ya ajiye gefe bai ce komai ba, na san an wuce wurin.

Yanayinmu ma yana da nasa hannu. Da hunturu jini yana bushewa nan take, wannan alheri ne, amma ƙura tana sauka a kai, kuma kowane ɗan ƙura a ninki 1,000 dutse ne. Da damina bushewa tana jinkiri, ƙwayoyin su tsuke su fito da ƙaya-ƙaya, don haka sai an kaɗa gilashin a iska da sauri. Ƙuda kuwa kowane lokaci yana nan, in ka bar gilashi a buɗe zai lashe jinin ya bar maka fili. Na sami wani kwanon roba mai murfi na huda masa ƙofofin iska na lulluɓe da gidan sauro, a ciki nake shanya su. Da fensir ake rubuta rana a kan gilashi, domin metanol yana wanke tawada.

Bayan ta bushe sarai, sai a tsoma cikin metanol na ɗan lokaci, bai kai minti ɗaya ba, a fitar a jingine ya bushe. Wannan shi ke kafe ƙwayoyin a jikin gilashi yadda ruwa ba zai fasa su ba. Daga nan sai rini. Rinin da muke amfani da shi sunan Gustav Giemsa yake ɗauke da shi, Bajamushen da ya daidaita haɗinsa a 1904, bisa hanyar da wani likitan Rasha, Romanowsky, ya buɗe a 1891. Haɗi ne na shuɗi da ja: shuɗin yana kama cibiyar ƙwaya, jan yana kama jikin jajayen ƙwayoyi, haɗuwarsu kuma ta ba da wani launin shunayya da ba a samu da ɗayansu shi kaɗai. Ana zuba kashi 1 na rini a kashi 9 na ruwa, a rufe gilashin da shi minti 10 zuwa 15, a wanke a hankali, a jingine. Wanda aka haɗa yau, yau ake aiki da shi, ba a ajiye shi gobe.

Ruwan shi ne sirrin. Dole ma'aunin tsaminsa ya tsaya a 7.2, shi ne amfanin ƙwayoyin nan da ake jefawa a lita ɗaya ta tataccen ruwa. Baba ya sa na rina gilasai uku daga huda ɗaya don in gani da idona: ɗaya da ruwan rijiyar burtsatsen gidanmu, ɗaya da ruwan leda, ɗaya da gyararren ruwa. Uku suka fito launi uku. In ruwa ya karkata ga tsami, komai sai ya yi ja, cibiyoyi su koɗe. In ya karkata ga kanwa, komai ya yi shuɗi, jajayen ƙwayoyi su koma toka-toka. Jini ɗaya, mutum ɗaya, sa'a ɗaya. Tun daga ranar na daina yarda da launi har sai na san ruwan da aka yi rini da shi.

Ido mai lamba 100 ba ya aiki sai da mai. Ana fara nemo wuri mai kyau da ƙananan idanu, can kusa da bakin harshen, inda ƙwayoyi suke kusa da juna amma ba su hau juna ba. Sai a ɗiga mai ɗigo ɗaya, a juyo idon ya nutse a ciki, a riƙa juya ƙaramin maɓalli kaɗan-kaɗan. Man yana karya haske daidai da yadda gilashi yake karyawa, don haka hasken da zai watse a iska sai ya shiga ido. Tazarar da ke tsakanin idon da gilashi ba ta kai kaurin farce ba; wanda ya taɓa babban maɓalli a nan zai fasa gilashi, wataƙila ya haɗa da idon. Man girki ko na keken ɗinki ba ya maye gurbinsa, kuma kada ido mai lamba 40 ya taɓa man.

A ninki 1,000 jinin da na rina ya zama wata duniya. Jajayen ƙwayoyi ruwan hoda, tsakiyarsu fari-fari, ba su da cibiya. Akwai wajen miliyan 5 a maikirolita ɗaya, wato ɗigon da bai wuce milimita ɗaya ta kowane gefe ba, kowace kuma tana yin kwana 120 kafin jiki ya sauya ta. Fararen ƙwayoyi ba su da yawa, 4,000 zuwa 11,000 a wannan ma'auni, sai ka wuce ɗaruruwan jajaye kafin ka ci karo da ɗaya. Amma in ka same ta ba ka mantawa. Iri-iri ne. Nitirofil tana da cibiya mai gaɓa-gaɓa, biyu zuwa biyar, shunayya mai duhu. Ita ce ta fi yawa, ita ke cinye ƙwayoyin cuta. Limfosayit ƙarama ce, cibiyarta ta kusa cinye jikinta duka, sai ɗan shuɗi a gefe. Monosayit ita ce babbarsu, cibiyarta a lanƙwashe. Iyosinofil kuwa ta fi su kyau a idona, cike take da tsaba-tsaba ruwan lemo. Baba ya ce a wurinmu in ta yi yawa, likita yakan fara tunanin tsutsar ciki ko tsargiya. Basofil ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba, sai mai haƙuri yake ganinta. Tsakanin waɗannan duka akwai wasu 'yan gutsattsari shunayya, maikiromita 2 zuwa 3, su ne ke daskarar da jini in an ji rauni.

Ya koya mini ƙirga fararen har 100, ana bin gilashi sama da ƙasa ana matsawa gefe don kada a maimaita wuri, ana jan layi a takarda ga kowane iri. Na yi ta yi a jinina. Lambobin ba sa fitowa iri ɗaya ko da daga gilasai biyu na huda ɗaya ne, kuma haka lissafin yake, ƙwaya 100 ba ta da yawan da za ta tsaya cak. Hoto kuwa nan sana'ata ta yi rana: na haɗa ɗan maƙalli da ke riƙe waya daidai kan idon sama, har Baba ya ce in yi masa irinsa.

Da sharaɗin ya hana ni jinin mutane, sai na nemi izininsa a kan na dabbobi, ya yarda in dai da safar hannu. Ranar da aka yanka kaza a gida na tari ɗigo. Jajayen ƙwayoyin kaza dogaye ne, sun fi namu girma, kuma kowace da cibiyarta a tsakiya. Haka na tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi suke. Na akuya ƙanana ne ƙwarai, wajen rabin faɗin namu. Na raƙumi, wanda wani mahauci ya shafo mini a kwata, dogaye ne kamar na kaza amma ba cibiya. Wanda yake son koyon shimfiɗa da rini, jinin kaza ya ishe shi makaranta, ba sai ya yi ta huda yatsa ba.

Sai maganar zazzaɓin cizon sauro, wadda na san ita ce a ran duk wanda ya ji ina da madubi. Mutanen layinmu sun yi ta zuwa: "Malam, duba mini ko maleriya ce." Ban taɓa duba ko mutum ɗaya ba, kuma yanzu ba don sharaɗi kaɗai nake ƙi ba, don abin da na gani ne.

Wata rana a gilashina na ga wata jar ƙwaya da ɗan abu shunayya a kanta. Gabana ya faɗi. Na ɗauki hoto na kai wa Baba gilashin. Ya leƙa, ya juya ƙaramin maɓalli sama da ƙasa, ya ce, "Leƙa ka ga farin da ya kewaye shi. Wannan ƙwayar daskarar da jini ce ta kwanta a kan ja. Ƙwayar zazzaɓi sai ka ga abu uku: jan ɗigo, da shuɗin jiki, da fili a tsakiya." Ya shiga ɗaki ya fito da wani akwatin katako na gilasan koyarwa da ya adana tun yana aiki, rinannu, an rufe su da murfi. Ya sa ɗaya. Ga zobe nan siriri, shuɗi, da jan ɗigo a gefe, wata ƙwayar ma zobe biyu ne a cikinta. A wani gilashin ga mai siffar ayaba, wadda sauro ke ɗauka ya kai wa wani. Falsifarum ke nan, irin da ya fi yawa a ƙasarmu kuma ya fi kisa. Likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganin wannan halitta a 1880 a garin Constantine na Aljeriya, a ɗanyen jinin wani soja, ba rini. Da na tuna yadda ɗanyen jini yake a madubi, na jinjina wa idon mutumin nan.

Abin da ya sa na ja baya shi ne yadda ake neman ta a aikace. Siririyar shimfiɗa don gane iri ce. Nema kuwa da kakkaura ake yi: ɗigo biyu ko uku a juya su da kusurwar gilashi su yi da'ira mai faɗin santimita ɗaya, kaurinta daidai yadda za ka iya hango rubutun jarida ta ciki. Ita ba a sa mata metanol. Ruwan rini ne yake fasa jajayen ƙwayoyi, ya bar farare da ƙwayoyin cuta a tattare, jini ninki 20 ko fiye a fili ɗaya, wato abin da ido ke gani a leƙe ɗaya. To amma da jajayen suka tafi, babu abin da ke nuna maka iyaka. Gutsuren rini, ƙura, ƙwayar daskarar da jini, fumfunar da ta shiga ruwa, duk suna iya kama da zobe. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a duba aƙalla fili 100 kafin a ce ba a gani ba, in an gani kuma a ƙirga su a kan fararen ƙwayoyi 200 don a san yawansu. Hukumar har jarrabawa take shirya wa ƙwararrun da wannan ne aikinsu kullum, ta ba su matsayi daga na ɗaya zuwa na huɗu. Najeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya. In na ce wa uwa ban ga komai a jinin ɗanta ba, ta koma gida ta kwanta, falsifarum yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Lokacin da zazzaɓi ya kama ni da damina, madubin yana kan tebur, na wuce shi na tafi asibiti aka yi mini gwaji. Bambancin kawai shi ne, yanzu in an miƙo mini sakamakon madubi bayan minti biyar, na san rini kaɗai ya fi haka daɗewa, kuma ina tambaya cikin ladabi wane irin gwaji aka yi.

A cikin akwatin nan na Baba na ga abin da ya kawo ni. Gilashin wani mai sikila ne, ba suna a jiki. Tsakanin ƙwayoyi masu da'ira ga wasu sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje, bakinsu biyu da tsini, wasu kuma da ɗigo a tsakiya. Da ganinsu ka san ba za su bi siririyar jijiya lafiya ba. Irin wannan ƙwaya kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, maimakon 120, shi ya sa jinin yaronmu kullum yake ƙasa, idonsa yake yin ɗorawa. Likita James Herrick na Chicago ne ya fara wallafa bayanin wannan siffa a 1910, daga jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. Na daɗe ina kallo. Na kira ƙanwata ta zo ta leƙa, ta ɗago ta ce, "Yaya, ashe wannan ne." Ba ta ƙara komai ba.

Na tambayi Baba ko zan iya gane mai AS, wato wanda ya gaji sikila ta gefe ɗaya kawai, da madubi. Ya ce in ɗauko gilashina in kalla, ya ce to haka jinin mai AS yake, ba ya bambanta da na mai AA a shimfiɗa. Akwai gwajin da ake zuba wani sinadari da ke janye iskar da jini ke ɗauke da ita, ƙwayoyin su lanƙwashe, amma wannan ma ba ya raba AS da SS. Sai an kai jinin na'urar da ke raba nau'o'in sinadarin jan jini da lantarki. Wannan ya kamata kowa ya sani, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da S, kuma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Wanda zai yi gwajin ya tambayi wace hanya ake bi a wurin, kuma in da hali ya maimaita a wani wuri daban.

Akwai wani abu da madubin ya buɗe mini ido a kai, kuma yana ci mini rai. Na taɓa halartar wani taro inda masu sayar da magungunan ƙarin lafiya suke huda yatsan mutane, su sa ɗanyen jini a madubi, su haska a allon talabijin. Sai su nuna ƙwayoyi sun jeru sun hau kan juna, su ce jininka ya yi datti. Su nuna masu ƙaya-ƙaya, su ce guba ce. Sannan a fito da kwalba mai tsada. Waɗannan siffofi biyu ina samar da su a jinina duk lokacin da na so. In na leƙa inda ɗigo ya yi kauri, ga jerin nan. In na leƙa gefen murfi inda ya fara bushewa, ga masu ƙaya. In matsa tsakiya, jinin ya koma lafiya lau. Mai riƙe da maɓalli shi ke zaɓar wurin da zai nuna maka kafin ka sha maganin da wurin da zai nuna maka bayan ka sha. Dattawa da mata nake gani suna kwance bakin zani suna biya, wasunsu da ciwon gaske da ke buƙatar asibiti.

Kammala aiki ma yana da tsarinsa, kuma Baba ya fi tsananta shi a kan komai. Allura sau ɗaya ake amfani da ita, a jefa a gorar roba mai kauri mai murfi, in ta cika a kai asibiti a haɗa da nasu. Gilasan da ba za a ajiye ba a jiƙa su a ruwan bilic kafin a wanke, tebur ma a goge da shi, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana yin mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba. Audugar da ta taɓa jini a ƙone ta. Ba na yin wannan aiki a inda ake cin abinci ko inda ake salla. Man da ke ido mai lamba 100 a goge shi nan take da takardarsa, ba da tsumma ko audugar kunne ba, in ya kwana yana daskarewa ya shiga ciki. Gilasan da suka yi kyau ina jera su a akwati, nesa da rana don kada rini ya koɗe. Madubin kuma ina rufe shi a leda tare da 'yan ƙunshin tsotse laima da ke zuwa a kwalayen kayan waya, ina shanya su a rana lokaci-lokaci in mayar, musamman daga Yuli zuwa Satumba.